Yadda ake zaɓar wa yaro tsarin koyon karatu har ya iya karantawa ba gargada

Na daɗe ina zama da yara masu koyon karatu, kuma tambayar da iyaye suka fi yi mini ita ce, "Wanne zan saya masa?" Wani jerin littattafai yake nufi, wani akwatin katuttuka, wani kuma manhajar waya ce aka yi masa tallarta. Kullum nakan ce a dakata tukuna. Tsarin da ya yi wa ɗan maƙwabcinka amfani yana iya zama ɓata lokaci ga naka, domin ba wuri ɗaya suka maƙale ba. Ka fara gano inda yaronka ya tsaya, sannan ka nemo tsarin da ya fara daga nan.

Idan na ce karatu ba gargada, abu uku nake nufi a haɗe: yaro ya karanta kalmomi daidai, ya tafi da sauri matsakaici kamar mai magana, muryarsa kuma ta riƙa hawa da sauka yadda ma'ana ta buƙata. Muddin yana kokawa da kowace kalma, hankalinsa duk yana kan haruffa, kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta.

Kayan da za ka tanada

Agogo mai nuna daƙiƙa, na waya ma ya isa. Fensir da ɗan littafin rubutu da za ka ware wa wannan aiki kaɗai. Takarda mai kauri da za ka yanka ka rubuta harafi ɗaya a kan kowane yanki, ƙananan haruffa, ba manya ba. Gajeren labari da yaron bai taɓa ji ba, mai kalmomi 60 zuwa 100, kwafi biyu, ɗaya nasa ɗaya naka. Sai samfurin darasi daga kowane tsari da kake tunanin ɗauka. Mafi yawan masu buga irin waɗannan suna ba da darasi ɗaya ko biyu a duba. Wanda ya ƙi nuna maka cikin kayansa sai ka biya, ka bar masa abinsa.

Idan ba ka samu labarin ba, rubuta da kanka da babban rubutu mai fitowa sarai, da kalmomin da yaro yake ji kullum.

Mataki na 1: Duba ido da kunne

Wannan ba ya ɗaukar lokaci, amma mutane suna tsallake shi. Yaron da yake kai takarda dab da hancinsa, ko yake murtsuke ido, ko yake yawan cewa "me ka ce?", a kai shi a duba shi kafin a fara zargin littafi. Ruwan da ke taruwa a bayan dodon kunne bayan mura yana dusashe ji na makonni, kuma yaron da bai ji bambancin sauti biyu ba ba zai iya haɗa su da haruffa ba.

Mataki na 2: Gwada yaron da kanka

Nan ne aikin yake, don haka zan daɗe a kai. Ka zaɓi lokacin da yaron ba ya jin barci, kada kuma ka kira shi jarrabawa. Ka ce wasa za ku yi. Gwajin hawa huɗu ne, kuma da zarar ya kasa wani hawa sai ka tsaya a nan.

Hawa na farko ba takarda a cikinsa, kunne kawai. Ka ce, "Da wane sauti kalmar *suna* ta fara?" Kana so ka ji ya ja "sss". Sai ka furta gaɓoɓi a rarrabe, *ta… kal… mi*, ka ga ko zai haɗa ya ce takalmi. In ya iya, ka matsa zuwa sautuka ɗai-ɗai: *r… a… n… a*.

Hawa na biyu, ka cakuɗa katuttukan haruffa ka riƙa ɗagawa, yana faɗin sautin kowanne. Ka lura da kyau, sauti nake nufi, ba sunan harafi ba. Yara da yawa suna rera waƙar haruffa daga farko har ƙarshe, amma ka ɗaga harafi ɗaya daga tsakiya sai su yi shiru. Waƙar suka haddace.

Hawa na uku shi ne mai tona asiri. Ka rubuta kalmomin da babu su a harshen, irin su *zeku*, *nolo*, *fibu*, ka ce ya karanta. Ba zai iya canka ba, ba kuma zai ce ya taɓa gani ba, dole ya haɗa baƙi da wasali. A Ingila tun 2012 ake yi wa 'yan aji ɗaya irin wannan gwaji da kalmomi 40, rabinsu na ƙirƙira ne, saboda wannan dalili.

Hawa na huɗu, ka ba shi labarin, ka riƙe naka kwafin, ka kunna agogo minti ɗaya. Duk kalmar da ya kuskure ko ya tsallake ka ja mata layi. In ya maƙale daƙiƙa uku, ka faɗa masa kalmar, ka ƙirga ta cikin kuskure, ya ci gaba. In ya gyara da kansa, ba kuskure ba ne. Minti na cika ka sa alama inda ya tsaya. A ce ya kai kalma 50, ya kuskure 4, to kalmominsa na daidai a minti 46 ne, kuma ya samu kashi 92 cikin 100. Ka rubuta lambobin da kwanan wata. Daga nan ka rufe takardar ka yi masa tambaya biyu ko uku a kan abin da ya karanta.

An taɓa kawo mini wata yarinya 'yar shekara bakwai, mahaifiyarta tana cewa, "Malam, ai tana karatu sosai, sauri ne kawai ba ta da shi." Ta buɗe littafinta ta karanta shafi huɗu tiryan-tiryan. Sai na sa tafin hannu na rufe hoton shafi na biyar. Ta dubi rubutun, ta dubi hannuna, ta ɗan karkata kai tana leƙen ƙasan yatsuna. Na rubuta mata *nolo*, ta ce "nono", ta sake dubawa ta ce "lolo", idonta ya ciko da ƙwalla. Da an saya mata tsarin ƙara sauri, da an yi kitso da kwarkwata. Haɗa baƙi ne ba ta iya ba, kuma ta ɓoye hakan shekara guda da kaifin haddarta.

Ga yadda za ka fassara abin da ka gani. Wanda ya tsaya a hawa na ɗaya ko na biyu yana buƙatar tsarin da ya fara daga wasannin sauti da haruffa. Wanda ya tsaya a na uku yana buƙatar koyon haɗa sautuka daki-daki. Wanda ya karanta daidai amma a hankali, kalma-kalma, maimaita karatu yake buƙata. Wanda kuma ya karanta sumul amma bai iya amsa tambaya ba, matsalarsa ta ma'anar kalmomi ce da fahimtar harshen, kuma ƙarin atisayen haruffa ba zai tsinana masa komai ba.

Mataki na 3: Tsayar da harshen da zai fara da shi

Yaro ya fi saurin koyon karatu a harshen da yake ji yake kuma magana da shi, domin in ya haɗa haruffa ya furta kalma, nan take zai gane ta. Harsuna kuma ba ɗaya suke ba wajen wuya. A wani bincike da Philip Seymour da abokan aikinsa suka buga a 2003 a kan harsunan Turai, yaran da ke koyon harsuna irin su Italiyanci da Sifaniyanci da Girkanci, inda harafi yake riƙe da sautinsa, sun karanta fiye da kashi 90 cikin 100 na kalmomin gwaji a ƙarshen shekarar farko. Masu koyon Ingilishi kuwa kusan kashi ɗaya cikin uku suka samu. Ingilishi yana da haruffa 26 amma sautukansa kusan 44 ne, harafi ɗaya yana iya yin aiki uku ko huɗu.

Hausar boko tana cikin masu sauƙin, sai dai tana da nata tarkon: ba a rubuta tsawon wasali da karin sauti, shi ya sa *gari* na mutane da *gari* na niƙa suke kama a takarda, jimla ce ke raba su. Akwai kuma ɓ, ɗ, ƙ da *ts* da *sh* da tsari nagari zai ware musu darasi. In harshen makaranta daban ne da na gida, ka nemi tsarin da yake koyar da ma'anar kalmomi tare da karanta su. In kana da zaɓi, ka fara da harshen gida, domin dabarar haɗa baƙi sau ɗaya ake koyonta, tana bin yaro zuwa harshe na biyu.

Mataki na 4: Buɗe tsarin ka bincike shi

Kada ka tsaya a bango da hotuna. A shekarar 2000 wani kwamiti da majalisar dokokin Amurka ta sa aka kafa, National Reading Panel, ya fitar da rahoto a kan abubuwa biyar da koyar da karatu ya ginu a kai: jin sautukan cikin kalma, danganta sauti da harafi, karatu ba gargada, sanin kalmomi, da fahimta. Za ka ga kusan kowane tsari ya rubuta a bayansa cewa yana da duka biyar. Faɗa ba wuya. Ga abin da ni nake dubawa.

Da farko ina neman jadawalin haruffa: wane sauti ake koyarwa a mako na ɗaya, wane a na biyu, har ƙarshe. In babu wannan jadawali, ba tsari ba ne, tarin ayyuka ne. Nagari ba ya bin a, b, c a jere. Yana farawa da haruffan da za su ba da kalmomi da wuri. Tsarin Jolly Phonics na Ingilishi, misali, ya kasa sautuka 42 rukuni bakwai, ya fara da s, a, t, i, p, n, domin da waɗannan shida yaro zai karanta kalmomi masu yawa a makon farko. A Hausa, da a, i, k, m, n kawai yaro zai karanta: "Ina Kaka? Kaka na nan. Ina Mama? Mama na nan."

Na biyu, kuma wannan ne gwajin da na fi dogara da shi, ina buɗe labarin da ke darasi na goma in ƙirga kalmomin da yaro zai iya karantawa da haruffan da aka koya masa daga darasi na ɗaya zuwa na goma. In takwas ko tara cikin kowace goma suna karantuwa, madalla. In rabi ba sa karantuwa, littafin yana tura yaro ga canka ne, ko marubucinsa ya sani ko bai sani ba.

Na uku, ina duba abin da jagoran malami ya ce a yi idan yaro ya maƙale. In ya ce "dubi hoto", ko "tsallake ka dawo", ko "wace kalma ce za ta dace a nan?", ina ajiye shi. Wannan hanya ta samo tushe daga ra'ayin masanin ilimi Kenneth Goodman, wanda a 1967 ya kwatanta karatu da wasan canka, kuma ta yi shekaru tana mulki a makarantun ƙasashe masu magana da Ingilishi. Tana aiki a littafin da rabinsa hoto ne. Ranar da hotuna suka ƙare, yaron ya ƙare. Abin da nake so in gani shi ne: "Sa yatsa a ƙarƙashin kalmar, faɗi sautukan, haɗa su, sannan ka duba ko ta yi ma'ana."

Sauran ba su da tsawo. A ga ana sa yaro ya rubuta kalmar da aka yi masa shifta, domin rubutu yana kafa abin da ido ya gani. A ga kowane darasi yana farawa da bitar na baya. A ga akwai wurin da babba yake karanta wa yaro labari mai daɗi wanda ya fi ƙarfin karatunsa, a tattauna a kai, domin daga nan kalmomi suke shiga. Darasi kuma kada ya wuce minti 15 zuwa 20 ga ɗan shekara biyar ko shida.

In kana so ka san ko an taɓa gwada tsarin a kan yara da gaske, ma'aikatar ilimi ta Amurka tana da shafin What Works Clearinghouse, a Ingila kuma akwai gidauniyar Education Endowment Foundation, dukansu sun tace bincike a kan irin waɗannan tsare-tsare. Yabon iyaye da kamfani ya liƙa a shafinsa romon baka ne. Rashin sunan tsari a waɗancan shafuka kuma ba ya nufin ba shi da kyau, musamman in ba na Ingilishi ba ne. Binciken da ka yi da idonka ya fi.

Mataki na 5: In manhajar waya ce

Ka zauna ka yi darasi uku da kanka, kana danna amsa da ka, ba tare da ka karanta ba. In har kana cin taurari kana wucewa, yaron ma haka zai yi, kuma ya fi ka saurin gano hanyar. Ka lura da nawa ne lokacin karatu, nawa ne na yi wa ɗan tsana ado. Babbar naƙasar mafi yawansu ita ce ba sa jin muryar yaro yadda ya kamata, alhali karatu ba gargada da baki ake koyonsa. Ni ina ɗaukar manhaja a matsayin abin bita na minti goma, babba yana gefe. Ga 'yan shekara biyu zuwa huɗu ma, Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ba da shawarar kada zaman kallon allo ya wuce awa ɗaya a rana.

Mataki na 6: Gwajin mako shida

Ka ɗauki tsari ɗaya, ka bi shi yadda aka tsara, kwana huɗu ko biyar a mako. Minti 15 kullum ya fi awa biyu ranar hutu. Kada ka haɗa tsari biyu masu jadawali daban, kada kuma ka bar wani a gida yana ce wa yaro "dubi hoto" kai kana cewa "haɗa sauti", tufka da warwara kenan. Ka tambayi malaminsa wane tsari ake bi a aji. In mai kyau ne, ka bi sawunsa kawai, ba sai ka kawo sabo ba.

Yaron da ya wuce haɗa baƙi, ka ƙara masa maimaita karatu, dabarar da masanin karatu S. Jay Samuels ya bayyana a 1979. Ka zaɓi ɗan sakin layi da yake karanta aƙalla kashi 95 cikin 100 daidai. Ka karanta masa sau ɗaya da murya mai daɗi yana bi da yatsa. Ku karanta tare. Sai ya karanta shi kaɗai sau uku, kana gyara masa nan take cikin laushi. Gobe a sake sau ɗaya, a koma sabo. In yana kuskure fiye da ɗaya cikin kalmomi goma, rubutun ya fi ƙarfinsa, ka sauko ƙasa.

Kuskuren da na taɓa yi a nan shi ne nuna wa yaro agogo. Wani ɗan shekara takwas, da ya gane ana ƙirga masa, sai ya koma tsere, yana haɗiye ƙarshen kalmomi, yana wuce aya kamar ba ta nan. Lambarsa ta hau, na yi murna, na tambaye shi wa ya ɓatar da akuyar a labarin, ya ce, "Akwai akuya?" Sauri ya haifi nawa. Tun daga ranar nake kifa wayar a cinya, nake kuma ce wa yara, "Karanta kamar kana ba ƙaninka labari."

Bayan kowane mako biyu ka sake gwajin minti ɗaya da sabon labari mai wuya daidai da na farko, ka rubuta. A ma'aunin da Jan Hasbrouck da Gerald Tindal suka tattara a Amurka, matsakaicin yaro yana karanta kalmomi 50 zuwa 60 a minti a ƙarshen aji ɗaya, 90 zuwa 100 a ƙarshen aji biyu. Na Ingilishi ne, tsawon kalmomi kuma ya bambanta daga harshe zuwa harshe, don haka kada ka ɗora wa yaronka su. Ka gwada shi da lambarsa ta gwajin baya.

Mataki na 7: Ci gaba ko canji

In lambar tana hawa ko da kaɗan-kaɗan, kuma yana karanta kalmomin ƙirƙira da ya kasa a da, ka ci gaba, kada sabon talla ya ruɗe ka. In ba ta motsa ba, ka fara tuhumar kanka: darasi nawa aka yi cikin kusan talatin ɗin da ya kamata a yi a mako shida? Sau da yawa in na duba littafin iyaye sai in tarar guda tara ne. In an yi su, ka koma baya darasi biyar ko goma, wataƙila an fara daga sama da inda yake. Sai in hakan ma bai yi ba ka canza tsari.

Juya b da d, ko ɓ da ɗ, abu ne da aka saba gani har wajen shekara bakwai, kada ya tayar maka da hankali. Amma yaron da aka koyar da shi da kyau wata uku ko huɗu, yana da kaifin baki da fahimta, duk da haka sautin da ya koya jiya ya ɓace yau, musamman in akwai wani a dangi da ya sha wahalar karatu, a kai shi wurin ƙwararre a duba ko yana da larurar wahalar karatu da ake kira disleksiya. Ga irinsu akan yi amfani da tsare-tsare masu tafiya a hankali da yawan bita, inda ake haɗa gani da ji da motsin hannu, irin waɗanda aka gina a kan hanyar Orton-Gillingham. Duka da tsawa ba sa ƙara masa ko harafi ɗaya, sai dai su sa ya tsani takarda.

In babu tsarin da za ka iya samu

Ka yi naka. Ka jera haruffan harshen a littafinka, wasula biyu da baƙaƙe uku a farko, sannan sabon harafi ɗaya duk kwana biyu. Kowace rana minti biyu na bitar katuttuka, minti uku na sabon sauti, minti biyar na haɗa gaɓoɓi da kalmomi ta hanyar matsa katuttuka kusa da juna, minti uku na shifta, sai jimla biyu ko uku da ka rubuta da haruffan da ya riga ya sani kaɗai. Ka ajiye jimlolin, ka ɗinke su, bayan wata biyu yana da littafin da zai iya karantawa daga bango zuwa bango. In kai ba ka da lokaci, yayansa ɗan shekara goma sha biyu zai iya riƙe darasin, muddin ka nuna masa sau biyu, ka kuma hana shi faɗa wa ƙaninsa kalma kafin daƙiƙa uku su cika.